Ma'anar sunan Koharu da inda ya samo asali

Hajiya, kin ce ƙaninki da ke zaune a Osaka ya samu ƙaruwar 'ya mace a tsakiyar Nuwamba, kuma bayan sunan yanka, mahaifiyarta, wadda Bajapaniya ce, ta ƙara mata da Koharu. Da kika bincika sai kika ga an fassara sunan da "ƙaramar bazara". Shi ne kike tambaya: me ya haɗa yarinyar da aka haifa a bakin sanyi da bazara, kuma ko sunan yana da wata alaƙa da bautar da ake yi a can? Allah ya raya ta, ya yi mata albarka.

Mahaifiyarta ba ta yi kuskure ba. In dai da haruffan 小春 aka rubuta sunan, to a duk watannin shekara babu wanda ya cancanci Koharu kamar Nuwamba.

Sai mu fara gyara fassarar, domin ita ce ta kawo ruɗanin. Harafi na farko, 小, ana karanta shi ko, ma'anarsa ƙarami. Na biyu, 春, ana karanta shi haru, shi ne lokacin da ke biyo bayan hunturu a Japan, daga Maris zuwa Mayu. Masu fassara kan kira shi bazara saboda ya zo daidai da watannin bazararmu, amma yanayin ba ɗaya ba ne ko kusa. Bazararmu zafi ne mai hana barci. Haru kuwa lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa, rana ta fara ɗumi ba tare da ƙuna ba, itatuwa su yi toho, furen sakura ya buɗe. A tsohon zanen harafin, kamar yadda Sinawa suka fara rubuta shi, akwai ciyawa, akwai rana, akwai tsiron da ke ƙoƙarin ɓullowa daga ƙasa. Ranar tana nan har yau, ita ce 'yar akwatin da kike gani a ƙasan harafin. Su kuma masana Japananci sun kawo ra'ayoyi daban-daban kan tushen furucin haru: wasu sun danganta shi da kumburar toho a jikin reshe, wasu da sharar gona, wasu da washewar sararin sama. Duka ukun haru ake furta su a tsohon harshe.

To amma idan aka haɗa haruffan biyu, ma'anar ba ta tsaya a farkon haru ko guntun haru ba. Koharu suna ne na wata na goma a tsohuwar kalandar Japan, wadda ke bin tsayuwar wata. A wancan lissafin, watanni na goma da na goma sha ɗaya da na goma sha biyu su ne hunturu, don haka wata na goma shi ne ƙofar sanyi. Japan ta bar wannan kalanda a zamanin Sarki Meiji, inda rana ta uku ga wata na goma sha biyu aka mayar da ita 1 ga Janairu, 1873. Tun daga nan tsofaffin watanni suka daina dacewa da sababbi. Tsohon wata na goma yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Disamba, yawancinsa a cikin Nuwamba. Ɗiyar ƙaninki a tsakiyarsa ta zo.

Kalmar daga Sin ta shigo. Masu sharhi a Japan suna jingina ta ga wani littafin Sinawa na ƙarni na 6 mai suna Jingchu Suishiji, wanda ya tattara al'adun shekara na mutanen tsakiyar kogin Yangtze, da bayanin cewa a wata na goma yanayi kan yi laushi da ɗumi kamar na haru, shi ya sa ake kiran sa ƙaramin haru. Har gobe Sinawa suna da irin wannan lafazi ga watan.

Abin da ke jawo wannan ɗumi sananne ne. Daga Nuwamba iska mai sanyi da nauyi takan taru a kan Saiberiya, ta riƙa turo guguwa daga arewa maso yamma zuwa tsibiran Japan. Iska mai ƙarfi irin wannan suna kiran ta kogarashi, wato mai busar da itatuwa, kuma hukumar kula da yanayi ta ƙasar takan sanar da zuwanta na farko a shekara a Tokyo da kuma yankin Kinki, inda Osaka take. Sai dai a farkon hunturu wannan tsari bai gama kafuwa ba. Yakan yi ƙarfi kwana biyu ko uku, sannan ya sassauta, wani gungun busasshiyar iska mai tafiya daga babban yankin Asiya ya zo ya lulluɓe tsibiran. A nan iska takan kwanta, gajimare ya watse, rana ta fito fes. A Osaka zafin rana a Nuwamba yakan tsaya wajen digiri 17 zuwa 18, a irin wannan rana kuwa yakan kusanci 20, duk da cewa asubahin na da sanyi sosai. Wannan rana ita ce koharu-biyori, yinin koharu.

Wanda ya zauna a can ya san ta da gani. Tun da hantsi za ki ga an baza katifu a kan ƙarfen barandar benaye suna shan rana. A ƙauyuka an feƙe 'ya'yan kaki, dangin kanya ne amma sun fi ta girma nesa ba kusa ba, an ɗaure su a igiya bi da bi an rataye a ƙarƙashin rufin gida, suna bushewa suna yin zaƙi. Tsofaffi kan fito bakin gida su juya wa rana baya. Ganyen itacen momiji ya yi ja. Wani lokaci ma itacen da ya kamata ya jira Afrilu sai ɗumin ya yaudare shi ya fitar da fure ɗaya ko biyu, abin da suke kira kaeribana, furen da ya dawo. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma, ranar 15 ga Nuwamba, ake bikin Shichi-go-san, inda ake yi wa yara mata masu shekara uku da bakwai ado da kimono, tufar gargajiyarsu, maza kuma masu shekara biyar. Duk wannan yana cikin kunnen Bajapane mai ilimi idan ya ji an ce Koharu.

Wurin da kalmar ta fi shahara a tsohon adabinsu shi ne littafin Tsurezuregusa na Yoshida Kenko, wanda aka rubuta wajen 1330. A sashe na 155 ya ce wata na goma yanayin koharu ne, ciyawa na yin kore, itacen ume na ɗaure ƙunshin fure. Abin da ya kai shi ga wannan magana ya fi maganar kanta daɗi a wurina. Yana bayani ne cewa lokutan shekara ba sa jiran juna, wato ba sai haru ya ƙare zafi ke zuwa ba, kowane lokaci yana ɗauke da na gabansa a cikinsa. Har ya ce ganye ba ya faɗuwa sannan toho ya fito, tohon da ke turowa daga ƙasa ne ganyen ke kasa jurewa ya faɗi. Daga nan ya zarce zuwa wa'azi kan yadda mutuwa ke zuwa ba sallama, domin mutum ne da ya bar hidimar fada ya rungumi zuhudu irin na addinin Buda. Amma abin da ya zauna a bakin mutane shi ne hoton farko: a daidai lokacin da komai ke shirin bushewa, rayuwar baɗi ta riga ta fara motsi. Uwar da ta san wannan ta sa wa 'yarta ta Nuwamba Koharu, fatanta a fili yake. Tana so yarinyar ta zama mai sanyin hali da ɗumin zuciya, wadda mutane ke samun sauƙi a kusa da ita ko da lokaci ya yi tsanani. Masu gajeruwar waƙar Japan da ake kira haiku ma, da suke da kundin kalmomin da ke nuna kowane lokaci na shekara, a babin farkon hunturu suka ajiye koharu.

Kada ki ji komai don kin ɗauka sunan na Maris ne ko Afrilu, Japanawa da yawa haka suka ɗauka. Hukumar kula da al'adu ta gwamnatin Japan tana yin binciken shekara-shekara kan yadda mutane ke amfani da harshe, kuma a sakamakon da ta fitar a 2015 an tambayi mutane ma'anar koharu-biyori. Ɗan abin da ya haura rabi ne suka ce ɗumin farkon hunturu, kimanin huɗu cikin goma kuwa suka ce ɗumin farkon haru ne. Shi ya sa za ki tarar da masu wannan suna a kowane wata. Sugawara Koharu, fitacciyar mai rawa, a Fabrairun 1992 aka haife ta. Kusumi Koharu, wadda ta yi suna a ƙungiyar mawaƙa ta Morning Musume, a Yulin wannan shekarar aka haife ta, tsakiyar zafi. Dukansu da 小春 ake rubuta sunansu. Ba na ganin laifin iyayen da suka sa wa 'yar Maris wannan suna don sun ga harafin haru a ciki, suna ai fata ne, ba takardar shaidar wata ba. Sai dai wadda ta sa shi a Nuwamba ta fi kusa da asalinsa, kuma hakan na nuna ta san harshenta.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. A Japan jin suna ba ya isa a san ma'anarsa, sai an ga rubutunsa. Furuci ɗaya yana iya samun rubutu goma, kowanne da tasa ma'anar. Koharu na yau sau da yawa ba da harafin ƙarami ake fara shi ba. Akwai 心春, zuciya da haru. Akwai 心晴, zuciya da washewar sama, wato zuciya mai haske. Akwai 小晴, ƙarami da washewar sama, akwai 心陽, zuciya da hasken rana. Akwai kuma iyayen da ke rubuta shi da hiragana kawai, こはる, haruffan sauti da ba su ɗauke da ma'ana, don su bar ƙofa a buɗe kuma rubutun ya yi laushi a ido. Kamfanin inshorar rai na Meiji Yasuda, wanda ke fitar da jerin sunayen jarirai kowace shekara daga bayanan abokan hulɗarsa, ya nuna Koharu cikin sunayen mata da suka yi tashe a shekarun 2010, kuma rubutun zuciya da haru yana cikin waɗanda suka yi gaba. In da wannan aka rubuta sunan ɗiyarku, to duk bayanin wata na goma ya koma gefe, ma'anar ta zama zuciya mai kama da haru. Misali mafi bayyana kan wannan matsala shi ne matar Sarki Meiji, wadda tarihi ya sani da Shoken. Sunanta Haruko, kowa ya ji zai ce 'yar haru ce, alhali da harafin kyau aka rubuta shi, 美子, babu lokacin shekara a ciki sam. Don haka ki roƙi ƙaninki ya turo miki hoton rubutun.

Hoton ma yana nan kusan tabbas. Japanawa suna da al'adar da ake kira oshichiya, dare na bakwai, wanda a cikinsa ake bayyana sunan jariri. Da ranar haihuwar suke fara ƙirga, don haka nasu yakan riga ranar sunanmu da kwana ɗaya. Uba ko kaka yakan ɗauki alƙalamin gashi da baƙar tawada ya rubuta sunan da manyan haruffa a tsakiyar farar takarda, a gefe kuma ranar haihuwa, a wasu gidajen har da sunayen iyaye. Takardar sunanta meimeisho. Ana manna ta a bango kusa da shimfiɗar jariri, a kwantar da shi a gefenta a ɗauki hoto. Idan 小春 ne, za ki gane shi cikin sauƙi: na sama jan alƙalami uku ne kacal, tsaye ɗaya da ɗigo biyu a gefe, na ƙasa kuma tara. Wasu iyalai suna ƙirga waɗannan jan alƙalami su haɗa da na sunan dangi don duba sa'a, abin da suke kira seimei handan, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa a sauya harafi a bar furuci yadda yake.

Doka ma tana da bakin magana. Dole a yi wa jariri rajista cikin kwana 14, kuma dokar rajistar iyali ta 1947 ta ce da haruffa masu sauƙi da aka saba da su za a rubuta suna. Haruffan kanji, wato masu ɗauke da ma'ana irin 小 da 春, da aka yarda da su sun kai kusan 3,000: guda 2,136 na amfanin yau da kullum, da wasu sama da 860 da aka ware don sunaye. Shekara da shekaru doka ta kula da harafi ne kawai, ba ta kula da yadda ake karanta shi ba, har iyaye suka riƙa ƙirƙiro karatun da malamin makaranta ba zai iya cankarsa ba. Daga 26 ga Mayu, 2025 aka fara rubuta furucin suna a cikin rajistar, kuma sai furucin da jama'a za su iya amincewa da shi. 小春 ba shi da wata matsala, duk wanda ya gani Koharu zai karanta. Shi kuwa harafin zuciya asalin karatunsa kokoro ne, ana gutsuro gaɓar farko a samu ko, kuma irin wannan gutsurawa an bar ta ta wuce.

Akwai wani harafin da shi ma ake karanta shi ko, wanda ake yawan rikita shi da na Koharu. Sunaye irin su Haruko, Akiko, Natsuko, Yukiko suna ƙarewa da 子, ma'anarsa ɗa ko 'ya. Wannan a da na matan fada ne da manyan gidaje, ya bazu cikin talakawa bayan zamanin Meiji, har ya zamana daga 1921 zuwa 1956 duk sunaye goma na farko a jerin Meiji Yasuda da shi suke ƙarewa. Yanzu ya ja baya ƙwarai, ko da yake gidan sarauta bai sake shi ba, shi ya sa 'yar Sarki Naruhito take Aiko. Ko na Koharu a gaba yake, kuma ƙanƙantawa ce ta ƙauna. Yana da 'yan uwa a sauran lokutan shekara: Konatsu ta lokacin zafi, Koyuki ta 'yar ƙanƙara. Ban da su akwai Sakura, da Yayoi da Satsuki da Hazuki waɗanda tsofaffin sunayen wata na uku da na biyar da na takwas ne, da Kaede da Momiji na lokacin jan ganye. Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu, mu da muke da Marka da Azumi da Tasalla.

Game da bauta, babu sunan wani abin bauta a cikin Koharu, ko da wane rubutu daga cikin waɗanda na lissafa. Ƙanƙanta, haru, zuciya, rana, washewar sama, iyakarsa ke nan. Abin da ya kamata ki sani don kada wani ya ruɗa ki shi ne, wannan wata na goma yana da wani suna da ya fi Koharu shahara, Kannazuki, wanda ake rubutawa da haruffan da ke nufin watan da babu alloli. Labarin da mabiya Shinto, addinin gargajiya na Japan, ke bayarwa shi ne, a watan ne allolinsu ke barin garuruwa su taru a Izumo da ke lardin Shimane, inda su kuma mutanen wurin ke kiran sa watan da alloli ke nan. Wannan suna dabam, wancan dabam. Koharu daga lura da yanayi ya fito, kuma tun daga Sin ya zo da ma'anarsa. Hukuncin addini na malamai ne, amma wannan shi ne bayanin da za ki kai musu.

Sai wani abu na tarihi da ba zan ɓoye miki ba. A zamanin Edo, wanda ya gabaci na Sarki Meiji, yawancin mata gajerun sunaye gare su, ana ƙara musu o a gaba, kamar Oharu da Okiku. Sunaye masu farawa da ko kuwa sun yi yawa a cikin mata masu nishaɗantar da baƙi a unguwannin shaƙatawa. Koharu mafi shahara a adabi irin wannan mace ce, a wasan 'yar tsana na Chikamatsu Monzaemon mai suna Shinju Ten no Amijima, wanda aka fara nunawa a Osaka wajen 1720. Labarin soyayyarta ne da wani ɗan kasuwar takarda mai aure, Jihei, wanda ya ƙare da mutuwarsu tare. Tunda a Osaka suke zaune, ba mamaki wata tsohuwa mai son wasan gargajiya ta tuna da shi. Amma shekara ɗari uku sun wuce, kuma iyayen yau ba sa jin wannan a cikin sunan. Abin da suke ji shi ne ɗan tsohon yayi mai daɗi, irin sunan da ya yi kama da na kakanni amma bai tsufa ba, kuma sunaye masu wannan ɗanɗano sun dawo sosai a 'yan shekarun nan.

Wajen furtawa, gaɓa uku ne masu tsawo ɗaya, ko-ha-ru, kada a ja ko ɗaya. Ba Kooharu ba, ba Koharuu ba, domin a Japananci jan wasali yana sauya kalma kamar yadda yake yi a Hausa. R ɗin kuma taɓawa ɗaya harshe ke yi a bayan haƙoran sama, ba a karkaɗa shi. A gida za ki ji ana ce mata Koharu-chan, ko a gajarta zuwa Haru-chan, kuma ke ma a matsayinki na gwaggo haka za ki kira ta. Idan ta girma, baƙi da abokan aiki za su kira ta da sunan dangi haɗe da san.

Ki tambayi ƙaninki yadda suka shigar da sunayen biyu a takarda. Rajistar iyali ta Japan gurbi biyu kawai gare ta, sunan dangi da sunan mutum, babu gurbin suna na tsakiya. Iyalai irin nasu kan bi ɗayan hanyoyi biyu: ko dai a haɗe sunan yanka da Koharu su zama suna guda ba tazara, a rubuta na yankan da katakana, haruffan da suke rubuta kalmomin waje da su, ko kuma a sa Koharu kaɗai a takardun Japan, a bar sunan yanka a takardun ƙasar uba. Kowace aka bi, ya kyautu su tabbatar rubutun boko na sunan ya zama iri ɗaya a duk takardunta tun yanzu, kafin lokacin fasfo da shiga makaranta.